Bayan Aji Uku Sai Ina? Zaɓen Babbar Sakandare da Gajeruwar Hanyar Jami'a ga Yaran Gidan Katta

Tsakure

Maƙalar ta duba shawarar da ke gaban iyaye a Gidan Katta da kewayenta, cikin ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, idan yaro ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare: wace babbar sakandare za a kai shi, kuma ko akwai wadda za ta rage masa nisan jami'a? An auna lamarin da tsarin Amurka na sakandare mai haɗe da kwaleji, da tsohon tsarin Arewa na aji shida, da abin da ake yi a tsallaken iyaka, a Birnin Konni. Matsayin maƙalar shi ne gajeruwar hanya tana nan, amma a Nijeriya sai an gama sakandare ake isa bakinta, kuma makarantar da aka zaɓa wa yaro yana ɗan shekara 14 ita ke buɗe masa ita ko ta toshe.

Gabatarwa

Ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a birnin Sakkwato. Dokar da ta biyo baya a 2004 ta ce karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ke nan wajibcin da dokar ta ɗora ya ƙare ranar da yaro ya ajiye biro a jarrabawar BECE. Abin da ke gaba kuwa, wato shekara ukun da za su yanke ko zai karanta likitanci ko lauya ko gyaran lantarki, an bar wa uba da uwa da duk wanda suka yi sa'ar tambaya.

A birnin Sakkwato masu ba da shawara sun yi yawa. A Gidan Katta, ɗaya daga cikin mazaɓun Illela, mai tazarar kilomita tamanin da 'yan kai daga birnin, sau da yawa shawarar kan ƙare a zama guda, a ƙofar gida ko a rumfar kasuwa ranar Lahadi. Uba ya tare malamin makaranta ya ce, "Malam, yaron ga ya ƙare aji ukku, ina kaka ganin mu kai shi?" Malam ya ambaci makarantar da ya sani, ko wadda ɗan wani Alhaji ya yi. Shi ke nan, an gama.

Abin da Amurkawa suka gina

A Amurka akwai wata irin makaranta da aka kafa musamman domin wannan gaɓa. Yaro yana ajin ƙarshe na makarantar tsakiya, shekarunsa 13 ko 14, iyayensa za su nema masa gurbi a sakandaren da ke cikin harabar wata kwaleji ko take da yarjejeniya da ita. A cikin shekara huɗu ko biyar zai fito da takardar sakandare, haɗe da darussan kwaleji da za su iya kai nauyin shekara biyu, wani lokaci har da cikakkiyar difloma, ba tare da an biya kuɗin kwalejin ba.

Tushen abin ya faro a 1974, lokacin da aka buɗe wata sakandare a harabar Kwalejin LaGuardia da ke birnin New York domin yaran da ake tsoron za su watsar da karatu. A 2001 Kwalejin Bard ta buɗe tata a birnin, sannan a 2002 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kuɗi aka yaɗa tsarin a jihohi da dama. Jihar North Carolina kaɗai tana da irin waɗannan makarantu sama da 100. Da yake masu nema sun fi gurabe yawa, makarantu da dama ƙuri'a suke jefawa, wannan kuwa ya ba masu bincike damar kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake. Binciken da cibiyar American Institutes for Research ta fitar a 2013 ya nuna waɗanda suka shiga sun fi takwarorinsu shiga kwaleji da samun takardar kammalawa.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga nan. Tsarin na 'ya'yan talakawa aka yi shi, waɗanda babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu, ba na zaƙaƙurai kaɗai ba. Sannan ba a tsallake wa yaro aji ko ɗaya. Ana cusa karatun kwaleji ne a cikin shekarun sakandaren, ƙarƙashin malaman da kwalejin ta amince da su. Yana da nasa cikas: makarantun ƙanana ne, wasanni sun yi ƙaranci, kuma ba kowace jami'a ke karɓar duk darussan da yaro ya zo da su ba.

Arewa ta taɓa yin nata

Zaɓen yaro daga makarantar tsakiya zuwa wata babba daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Sakkwato. Daga makarantar lardi ta Sakkwato aka tura Ahmadu Bello Kwalejin Katsina, ya gama a 1931. Shehu Shagari ya yi Midil ta Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo yana koyar da kimiyya a Midil ɗin da ta yaye shi. A wancan zamani hukuma ke zaɓe, uba sai dai ya ji labari.

Daga baya aka samu aji shida, ƙarami da babba, shekara biyu bayan aji biyar na sakandare, wanda ke kai ɗalibi ga takardar HSC. Mai wannan takarda shekara uku yake yi a jami'a maimakon huɗu. A zahiri wannan shi ne ɗan'uwan tsarin Amurka mafi kusa: karatun shekarar farko ta jami'a a cikin harabar sakandare. Da makarantun Arewa masu aji shida suka kasa samar da isassun ɗalibai, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya a farkon shekarun 1970, ta kuma kafa jarrabawar IJMB a 1976. Gwamnatin tarayya ma ta yi makarantun fasaha da kimiyya masu koyar da wannan mataki, ɗaya daga cikinsu a Sakkwato, wadda yau ake kira Kwalejin Kimiyya ta Tarayya. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 shi ya kawar da aji shida daga makarantun gwamnati, aka fara jarrabawar SSCE a 1988.

Kano ta bi wata hanyar. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, tana tsamo yara ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantu, ta tara su wuri guda da malamai da kayan gwaji. Ba ta rage wa kowa shekara ba, amma duk mai ƙirga likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na yau zai yi ta cin karo da tsofaffin ɗaliban Dawaki. A ganin mai wannan maƙala, darasin Dawaki ya fi na New York kusa da buƙatar Illela.

Ina gajeruwar hanyar take yau?

Yau ƙofa biyu ce zuwa jami'a, duka a hannun hukumar JAMB da aka kafa a 1978. Ta farko jarrabawar UTME, darussa huɗu, maki 400, a kan kwamfuta, mai kai ɗalibi aji ɗaya. Ta biyu shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ga mai IJMB ko JUPEB ko diflomar ND ko takardar NCE. IJMB darussa uku ne da ake karantawa cikin kimanin shekara guda, Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawar, kuma ana yin ta a kwalejoji irin makarantar share fage ta Funtuwa da Kwalejin CAS ta Kano. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma tana da tata makarantar share fagen.

Sai dai duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya: kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB ko takardar hukumar NBAIS, a darussan da suka dace da abin da za a karanta. Mai son likitanci ko aikin jinya dole ya zo da Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yarinyar da aka kai makarantar da babu malamin Fiziks ta rasa aikin lafiya tun ranar da aka kai ta da akwatinta, ko da kuwa ita ke zuwa ta ɗaya a aji. Ba za ta sani ba sai bayan shekara uku, ranar da ta je sayen fom a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa, a kan hanyar da motocin Illela ke bi kullum. IJMB ba ta gyara wannan. Tana ɗora gini ne a kan kiredit ɗin da yaro ya riga ya samu.

Shi ya sa zaɓen da ake yi bayan aji uku ya fi zaɓen jami'a nauyi. Hanyoyin da ke gaban yaron Gidan Katta ba su kai yadda ake zato yawa ba. Akwai sakandaren jeka-ka-dawo mafi kusa, mai arha, wadda yaro zai kwana gaban iyayensa ya kuma taimaka a gona, amma ita ce aka fi samu da ƙarancin malaman kimiyya. Akwai makarantun kimiyya na jiha da tsofaffin kwalejojin birni irin Nagarta da Sultan Abubakar. Akwai na tarayya: Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ɗaya daga cikin ukun farko da aka buɗe a 1966, da ta 'yan mata a Tambuwal, da Kwalejin Kimiyya da aka ambata, yawancin gurabensu tun daga aji ɗaya ake cike su, don haka mai nema a aji huɗu sai ya tashi da wuri. Akwai makarantun Larabci da addini, irin ta Sultan Muhammadu Tambari da ke Illela, masu dacewa da mai son Shari'a ko Larabci ko nazarin addinin Musulunci.

Akwai kuma kwalejojin sana'a, irin na Farfaru da Runjin Sambo da Binji, waɗanda iyaye suka fi rainawa, alhali su ne suka fi kama da abin da Amurkawa ke nema. Yaron da ya yi shekara uku yana koyon haɗa wayar lantarki ko gyaran mota ko gini zai fito da takardar NABTEB, wadda ake karɓa a kwalejin kimiyya da fasaha da jami'a, kuma zai fito da sana'ar da zai ci abinci da ita tun kafin sakamako ya fito. In ya wuce Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ya yi ND na shekara biyu da sakamako mai kyau, yana iya neman aji biyu na jami'a. A gari irin Illela, inda manyan motoci da famfunan ban-ruwa da farantan hasken rana ba sa rasa mai neman a gyara masa, wannan hanya ba ta 'yan baya ba ce.

Tsallake

Abin da aka fi sayar wa iyaye da sunan sauri shi ne tsallake. A cire yaro daga aji biyar na firamare a kai shi sakandare, a yi masa rajistar WAEC yana aji biyar, a ce zai shiga jami'a yana ɗan 14. Wasu makarantun kuɗi sun mai da wannan tallarsu. Dokar shiga jami'a kuwa shekara 16 ta ce. A watan Yulin 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya nemi mayar da ita 18, aka yi ta cece-ku-ce, magajinsa Dakta Tunji Alausa ya dawo da ita 16 a watan Nuwamba. A 2025 JAMB ta ce wanda bai kai 16 ba sai ya ci aƙalla maki 320 cikin 400, ya kuma tsallake ƙarin tantancewa, kafin a duba shi. Ke nan yaron da aka yi ta gaggawa da shi zai iya gama sakandare ya zauna a gida yana jiran shekaru su cika, ga karatun bai zauna ba. Manomin albasa a fadamar Kalmalo ya san wadda aka cire ba ta ƙosa ba ba ta jure ajiya.

Ɗayar hajar ita ce takardar bogi. Gidaje masu allon "IJMB" da "JUPEB" sun yawaita a birane, wasu ba su da rajista da kowa. A 2023 JAMB ta bayyana cewa da Jami'ar Bayero ta tantance takardu 148 na masu neman shiga kai tsaye, 6 kaɗai aka samu na gaskiya. Tun daga nan aka tsaurara, ana tabbatar da kowace takarda daga inda ta fito kafin a ba da gurbi. Uban da ya sayar da bijimi a kasuwar Illela ya biya irin wannan cibiya ya yi asarar bijimin da shekarar ɗansa gaba ɗaya.

Abin da uba zai duba da idonsa

Gani ya kori ji. Kuɗin mota zuwa makaranta da dawowa bai kai kuɗin zango guda ba, kuma ziyarar awa ɗaya a ranar karatu, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba, tana nuna abin da allon bakin ƙofa ke ɓoyewa.

A fara da ɗakin gwaje-gwaje. Jarrabawar Kemistiri ta WAEC tana da ɓangaren aiki da hannu: ɗalibi zai cika doguwar kwalba mai awo da ruwan asid, ya riƙa sakinsa ɗigo-ɗigo cikin wani ruwan har launi ya juya, ya karanta awon, ya maimaita, ya yi lissafi. Hannun da bai saba ba zai saki famfon da yawa, launi ya wuce, awo ya ɓaci. A makarantu da dama kwalaben suna nan, amma a kulle cikin kwali a ofishin shugaban makaranta, ba a fito da su sai mako biyu kafin jarrabawa. Uba ba ya buƙatar sanin Kemistiri kafin ya gane haka. Ya duba ko teburan suna da tabon aiki ko ƙura ce a kansu, ko akwai ruwa a famfo ko a randa, sannan ya tare ɗan aji biyar ya ce, "Ɗana, yaushe rabonku da shiga nan?" Amsar yaron ta fi ta shugaban makaranta amfani.

Sai malamai. Tambayar ba "kuna da malamin Fiziks?" ba ce, domin kowa zai ce akwai. A tambayi sunansa, da shekarunsa a makarantar, da ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara guda. A nemi ganin sakamakon WAEC ko NECO na shekaru ukun baya, a ƙirga waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ba waɗanda aka ce "sun ci" ba. Makarantar da kowa da kowa ke fita da A a kowane darasi, ga aji babu malami, ita ma abin gudu ce: satar amsa ake yi, kuma ranar UTME kwamfuta ba ta san wannan ciniki ba. A tambaya ko makarantar tana da lambar cibiyar jarrabawa ta kanta ko kai yara take yi wani wuri, kuma ko yaro zai taɓa kwamfuta kafin ranar da za a zaunar da shi gabanta. A kuma gyara takardu tun yanzu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardun yaro ya sha jawo wa ɗalibai wahala; a yankin iyaka, inda ake yawan haihuwa a gida ba a yi rajista ba, abin ya fi tsanani.

Tsaro kuwa ya sauya lissafin gaba ɗaya. A watan Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan iyaka, ciki har da ta 'yan mata da ta Larabci a Illela da kwalejin sana'a ta Binji. A watan Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri a Jihar Kebbi. Ba wanda zai zargi uwar da ta ce 'yarta ba za ta kwana a makarantar da ke bakin daji ba. Amma sakamakon shi ne yaran karkara, musamman mata, su ne suka rasa makarantun da suka fi malamai, domin na kwanan su ne aka fi zuba wa kaya. Iyalin da ke da ɗan'uwa amintacce a birnin Sakkwato kan ajiye yaro a wurinsa ya riƙa zuwa jeka-ka-dawo. Wanda ba shi da kowa a birni, zaɓinsa ya ragu zuwa abin da keke ko babur zai iya kai yaro ya dawo da shi kafin la'asar.

Shi kansa yaron a tambaye shi. Ɗan shekara 14 ya san ko Lissafi na shiga kansa ko ba ya shiga.

Tsallaken iyaka

Birnin Konni ya fi Sakkwato kusa da Gidan Katta nesa ba kusa ba, kuma dangi a haɗe suke, don haka wasu kan yi tunanin can. Tsarin Nijar daban ne: shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji zuwa jarrabawar BEPC, uku a lise zuwa BAC, wadda ke buɗe jami'o'in Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Karatu ne mai tsauri, kuma an gina shi a kan Faransanci, saboda haka yaron da ya yi shekara tara da Turanci ba zai faɗa tsakiyarsa ya tsira ba sai ya koma baya. In ya dawo Nijeriya da takardar, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna ta kafin jami'a ta karɓa. Ga kuma iyakar da aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ga wanda ya faro a can tun yana ƙarami hanya ce mai kyau. Ga ɗan aji uku na Illela, ta fi tsawo.

Kira ga mahukunta

Abin da za a iya ɗauka daga Amurka ba ya buƙatar sabon gini. Kwalejin Gwadabawa tana da ɗakunan gwaji da malaman kimiyya, tana kuma kan titin Illela. Maƙalar na roƙon ma'aikatun ilimi na Jihar Sakkwato su ƙulla yarjejeniya da ita, a riƙa kai 'yan aji biyar da shida na makarantun jeka-ka-dawo na Illela da Gwadabawa da Gada su yi aikin gwaji a can ranar Asabar, da motar da ƙaramar hukuma za ta ɗauki nauyi, a fara da 'yan mata. Haka kuma kafin sakamakon BECE ya fito kowace shekara, a liƙa takarda a ofishin ilimi na Illela da ƙofar kowace ƙaramar sakandare, a kuma karanta ta da Hausa a Rediyon Rima, mai nuna kowace babbar sakandare a shiyyar, da darussan da take da malamansu, da yawan ɗalibanta da suka samu kiredit biyar a bara. Alƙaluman suna nan a hannun ma'aikatar; a fito da su iyayen Gidan Katta su gani kafin su ɗaure wa yaro akwati.